Ɗakin Inna a Kasuwar Duniya

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Inna da yara da Baban yara. Yaya ƙafar Inna? Tana shan maganinta, ko har yanzu sai an yi ta lallashi? Ni jikina lafiya lau, sai dai tun jiya ban ci abinci ba.

Kada ki yi mamakin ganin wasiƙa a hannun direba alhali ga waya. Na san halinki, da na kira sai ki buɗe muryar kowa ya ji, Inna tana gefe. Wannan magana kuwa ba ta kunnenta ba ce, ga hawan jini.

Kin sha tambayata wane aiki nake yi a ofis, ni da karatuna bai yi nisa ba. Bari in faɗa miki yau, don sai kin gane aikin za ki gane tsorona. Kamfaninmu ba ya sayar da gida ko ɗaya. Kwamfutocinsa ne suke yawo a intanet, suna kwaso tallan gidaje daga ƙasashe daban-daban su zubo mana. Sai ki ga gida ɗaya an tallata shi a wurare da yawa, kowa da nasa farashin. Irin waɗannan muna ce musu tagwaye. Aikina shi ne in zauna in dubi hotuna, in na tabbata gida ɗaya ne in haɗe su. Ido kawai ake so, da haƙuri. Oga yakan tsokane ni, wai ko tsagar bango na gani sau ɗaya, zan gane ta ranar tashin ƙiyama.

Jiya da hantsi ina ta wuce gidajen mutane, sai ga wata shuɗiyar ƙofa. Har na wuce, sai hannuna ya tsaya da kansa. Na dawo baya. Yaya, ƙofarmu ce. Ga lotsawar nan ta ƙasa da na yi da keke, wadda Baba, Allah ya jiƙansa, ya ce ba zai gyara ba don in riƙa tunawa. Hoto na gaba tsakar gida ce, ga famfon da aka ɗaure wa roba a wuya. Na gaba kuma ɗakin Inna. Labulenta mai korayen furanni, agogon bangon nan da ya daɗe da tsayawa, sandarta a jingine. Can a gefen hoton ga ƙafafunta a kan gado. Barci take yi aka shiga kanta aka ɗauka.

An rubuta wai gidan na sayarwa ne, a wani shafi da mutanen ƙasashen waje ke sayen gida ba tare da sun zo sun gani ba. An kuma rubuta wai daga wata mai kamawa babu kowa a ciki. Na karanta wurin nan har haruffan suka fara rawa a idona. Babu kowa a ciki, to Inna ina za ta?

Na samu Oga na nuna masa. Ya ce mu masu kwasa ne kawai, ba mu da ikon goge tallan wani. Ya ce ƙila 'yan damfara ne, in sha ruwa in koma kujerata. Ban iya ɗauko miki hoton ba, don a bakin ƙofa ake karɓe mana wayoyi.

Don Allah ki tuna da kyau, wa ya shigo gidan nan kwanan baya? Mai gyaran wuta? Mai duba famfo? Sannan takardun gida da ke ƙasan akwatin Inna, ki ɗauke su ki ɓoye inda ba wanda zai kai hannu. Ki ba direba amsa in zai juyo.

Ki gaishe da Inna, ki ce mata Autanta yana nan yana ƙiba. Ki shafa mini kan yara.

Ƙanenki,
Auta

*

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya, ke da Inna da yara. Na ce wa direba ya kai wannan wasiƙa wurin maƙwabciyarmu mai ɗinki, ita ta ba ki hannu da hannu. Ki karanta ke kaɗai, kuma a zaune.

Amsarki ta iso. Kin ce ba baƙon da ya shigo. Kin ce kin gaya wa Baban yara, ya yi dariya ya ce kallon allo ya fara taɓa wa Auta kai, sannan ya karɓi takardun ya ce shi zai adana. Kin kuma ce ranar Alhamis zai ɗauki Inna a motarsa su je a sabunta katin fanshon Baba.

Yaya, tun ranar farko akwai abin da na gani na haɗiye. Duk hotunan daga sama aka ɗauke su, har ana ganin ƙurar saman kabad. Dogon mutum ne ya ɗauka. Kuma kin san ƙofar Inna, in ba ka ɗan ɗaga ta ba sai ta yi ƙara, ita kuwa Inna ko kyanwa ta gifta sai ta farka. Wanda ya shiga ya san yadda ake ɗaga ta. Na yi ta ce wa zuciyata ta ji tsoron Allah, dogaye suna da yawa a duniya.

Yau da safe kwamfuta ta sake kwaso tallan, an ƙara sabon hoto. Takardun gidanmu ne, an baje su don mai saye ya ga komai ya cika. A kan zanen gadonki aka baje su, mai ratsin ruwan ƙasa, wanda na saya miki da albashina na farko. An danne gefen takardar da babban yatsa. Farcen a tsage yake gida biyu. Ina tsaye a wurin ranar da murfin gaban mota ya faɗo wa yatsan nan, ni na riƙe masa hannu aka ɗaure.

Na ƙara girman hoton, na rage, na sake ƙarawa, ko Allah zai sa ya zama wani yatsan. Bai zama ba. Wadda ke zama kusa da ni ta ce, "Kai Auta, aljani ka gani a allon?" Na ce mata kaina ne ke ciwo.

Ba ina so in ɓata tsakaninki da uban 'ya'yanki ba ne. Mutum ne da ya riƙe ni kamar ƙanensa, shi ya raka ni tasha da zan taho. Ban san abin da ya tura shi ba. Amma ƙarƙashin tallan yanzu an rubuta ciniki ya yi nisa, saura sa hannun mai gida. Mai gida kuwa Inna ce. Katin fansho ni na kai ta aka sabunta kafin in taho, lokacinsa bai yi ba. Inna ba ta karatu. Duk inda surukinta ya nuna mata, nan za ta dangwala yatsa, har ta sa masa albarka.

Kada ki bari ta shiga motar nan ranar Alhamis. Ki ce ƙafa ce, ki ce komai. Ki aika a kira Kawu, kada ki tunkari Baban yara ke kaɗai.

Ni a nan hanya ɗaya ta rage mini. 'Yan damfara sukan saci hotunan gida su tallata shi a wata ƙasa daban. In na samu gida ɗaya a ƙasa biyu na haɗe su, jan tambari yake hawa kansu duka, alamar a yi hattara, kuma masu saye daga nesa gudunsa suke yi. Na roƙi Oga ya bar ni in riƙa dubawa a lokacin cin abinci, ya ce cikina ne, ba nasa ba. Kin ji inda duniya ta kai ni, Yaya. Yau ni ne ke addu'ar Allah ya sa ɓarayi su saci hoton gidanmu.

Allah ya tsare mana ku. Ki yi haƙuri da ni.

Ƙanenki,
Auta

*

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Yaya Inna, yaya yara, yaya kuma ƙarfin hali? Na ga rubutunki ya karkace a wasiƙar nan, na san ba a cikin natsuwa kika yi ta ba. Sannu, Yaya. Allah ya saka miki.

Na karanta wurin da kika ce kin kasa ɓoye wa Inna, kin gaya mata komai tun ranar Laraba. Gabana ya faɗi saboda jininta. Ashe ta fi mu ƙarfi. Wai ranar Alhamis ta yi wanka ta sa mayafi ta zauna a bakin ƙofa, Kawu yana ciki, da Baban yara ya ce ta taso su tafi sai ta ce, "Ɗana, babban yatsana ciwo yake yi yau, ko za ka ara mini naka?" Na yi dariya, sai ga hawaye. Kin ce ya cusa hannu a aljihu, ya ja mota, har yau bai dawo ba, kuma takardun suna wurinsa. Madalla da kuka je ofishin filaye ke da Kawu aka tsayar da duk wani ciniki. Duk da haka kada ki bar Inna ita kaɗai a gida.

Ni ma na samu tagwayen. Wasu sun saci hotunan, sun ce gidan yana bakin teku a wata ƙasa da ake dusar ƙanƙara, har da wurin ajiye jirgin ruwa. Famfonmu mai roba a wuya, Yaya! Na haɗe su, jan tambari ya hau. Washegari aka janye tallan farko.

Sai dai ban gaya miki ɗaya gefen ba. Hoto in ya shiga kasuwar nan ba ya fita. Wani ya kwafa daga wani, wani daga wani. Kusan kullum sai ɗakin Inna ya faɗo mini a allo, yau a wannan ƙasa, gobe a waccan, da harshen da ban taɓa gani ba. Ina haɗewa, wani yana fitowa. Wani ma har da sunan layinmu. Tsorona kada wata rana wanda aka cuta ya biyo sawu ya ƙwanƙwasa shuɗiyar ƙofa.

Saboda haka ki sa a sake wa ƙofar fenti, kowane launi ban da shuɗi. A buge lotsawar nan ma, Baba zai yafe mana, na riga na tuna. Ki canja labulen Inna, ki sauke agogon. A sa mata sakata ta ciki, ta riƙa kullewa in za ta kwanta da rana.

Ƙarshen wata ina nan tafe in Allah ya yarda. Kafin nan, duk sanda hoton ya fito nakan ƙara girman gefen nan in dubi ƙafafunta. Ta hagun a kumbure take, Yaya. Ki tabbata tana shan maganin.

Ki gaishe ta, ki riƙe yara, ki ci abinci ke ma.

Ƙanenki mai ƙaunarki,
Autan Inna