Jirgin Ƙasa Ya Tafi Ya Bar Ni a Italiya, Mijina Ya Ce Ina Ɓangaren Mata

Assalamu alaikum 'yan'uwa na wannan zaure. Admin don girman Allah ki ɓoye sunana, na tabbata a cikinku akwai waɗanda suka ci tuwo a gidana lokacin aikin Hajji, ba na so a gane ni. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku fara rubuta mini "ki yi haƙuri Hajiya", haƙurin nan na san shi, tare muka tsufa.

Ni 'yar Kano ce, aure ya kawo ni Makka shekara ashirin da biyar da suka wuce, muna zaune a Rusaifa. Maigidana Bahaushe ne amma haifaffen nan, kakansa ne ya zo Hajji a ƙafa bai koma ba, Hausarsa ma rabinta Larabci ne. Sana'arsa ciyar da alhazai a Mina da Arfa, yana kuma da motocin bas a Aziziyya da ke jigilarsu. Ina so in faɗi gaskiya tun yanzu, mutumin nan ba mugu ba ne. Bai taɓa ɗaga mini hannu ba, bai taɓa zagina ba, ban taɓa neman abu na rasa ba. Wanda yake jiran in ce ya cuce ni ya daina jira.

Gidanmu irin na mutanen nan ne, ƙofa biyu. Majalisin maza, wato falonsu, a gaba, ɓangaren mata a ciki, tsakani akwai wata ƙofa da ake ƙwanƙwasawa a miƙa abinci. Tun ina amarya gidan bai taɓa rabuwa da baƙi ba, masu Umara, alhazai, ɗalibai 'yan gida da suka zo karatu suke marmarin miyar kuka. Shi yana can da maza, ni ina nan da mata, a ci a sha a yi hira, kowa a ɓangarensa. In ka cire makonnin amarci ban tuna ranar da muka sa hannu a faranti ɗaya ni da shi ba, kuma wallahi ban taɓa jin hakan wani abu ba ne, saboda falona kullum cike yake. Sai baƙi suka ragu, yanzu kowa otal ake kai shi. Babban ɗana ya tafi Riyad aiki, mai bi masa ta yi aure a Jidda, saura auta, ita ma jami'a take wuni. Yaran nan kuma in na yi musu Hausa da Larabci suke mayar mini. Akwai ranar da na lura tun safe har la'asar ban buɗe baki ba sai a salla.

Yaran ne suka ƙulla maganar anibasari, wai bikin zagayowar ranar aure, ni ina na san wani anibasari. Suka ce shekara ashirin da biyar ba wasa ba ce, Abuya da Ummi, wato babansu da ni, za su zaga Turai su biyu, bayan an gama Hajji ya huta. Suka haɗa komai, jirgin sama a bizines kilas, daga nan kuma jirgin ƙasa a taragon manya, Landan, Faris, Suwizalan, mu ƙare a Italiya. A gabansu na yi ta cewa ɓarnar kuɗi ce, amma a zuciyata, ai sai ku ce yarinya za a kai gidan miji. Na ɗinka abayoyi, na sa lalle, har turaren da nake sawa ina amarya na sa aka nemo mini daga Kano. Na ce yau dai babu baƙo, babu direba, babu ƙofar tsakiya, dole mu kalli juna.

Tun a jirgin sama jikina ya fara sanyi. Ashe kujerun masu kuɗin nan kowa da ɗan akurkinsa ne, har da katanga tsakaninka da na kusa da kai. Ya miƙe kujerarsa ta zama gado, ya ja bargo, sai a Landan. Na ce ba komai, gajiyar Arfa ce. Muka shiga jirgin ƙasan da ke bi ta ƙarƙashin teku zuwa Faris, can kam tebur ne tsakaninmu, fuska da fuska, aka kawo abinci da farin ƙyalle da cokula kala-kala. Jama'a, muka rasa abin cewa. Na ce garin da sanyi, ya ce sosai. Ya ce naman bai kai na gida ba, na ce gaskiya. Shi ke nan hira ta ƙare. Sai ya shiga ƙirga kujerun taragon yana lissafin alhazai nawa zai ɗauka, daga nan ya koma waya da direbobinsa. Da aka kawo shayi, don ya kyauta mini, ya ɗauki sukari ya zuba mini cokali biyu ya juya da hannunsa. Shekarata shida da ciwon sukari, shi yake biyan kuɗin maganin. Na sha shayin nan don kar in kunyata shi.

Haka muka yi ta tafiya. Suwizalan kam Allah ya yi halitta, duwatsu da ƙanƙara a kai, ruwa kore shar, shanu masu ƙararrawa a wuya, tagar jirgin tun daga gefe har sama gilashi. Sau nawa ina juyowa in ce masa dubi can, sai in ga kansa a waya, in haɗiye maganata. A gefenmu wasu tsofaffin Turawa, matar tana ta yi wa mijin faɗa a kan hularsa, yana mayar mata. Wallahi sai da na yi kishin faɗan nan. Hotuna kuwa mun ɗauka ba adadi, saboda yara suna jira, a matso a yi murmushi a tura, su yi ta turo mana zuciyoyi.

Abin ya faru ne a Italiya, a hanyarmu ta zuwa Roma. Jirgi ya tsaya a wata tasha, na ce masa bari in ɗan miƙe ƙafa, ya ce tayyib, wato to, bai ɗago ba. Ina tsaye a bakin ƙofar tarago sai na ji kamar a mafarki wata tana cewa, "Inna, kin dai sha maganin ko? Kar ki yi mini ƙarya." Hausa raɗau, a tsakiyar Turawa. Ban san lokacin da na sauka ba. Wata mata ce da ba ta wuce sa'ar 'yata ta Jidda ba, tana zaune a benci da waya a kunne. Na yi mata sallama, ta zabura ta miƙe, muka riƙe hannun juna kamar mun san juna, muna cikin ina gida ina mutanen gida sai na ji ƙofofi sun rufe a bayana. Jirgi ya tafi. Jakata da wayata suna kan kujera, fasfona kuma yana cikin jakar da yake ratayawa a ƙirji, don shi duk inda aka je shi ke riƙe fasfon kowa, ya saba da alhazai.

Ya kamata in ce hankalina ya tashi, amma ƙarya ba kyau. Matar 'yar Damagaram ce, tana aikin kula da wata tsohuwa a garin. Ita ce ma ta rikice, ta ce Hajiya kawo lambar Alhaji mu kira, na ce ban haddace ba, ta autata kawai na riƙe, amma ki bari tukuna in huta. Ta ja ni wani ɗan shago a cikin tashar, ta ce, "Hajiya, shayin da sukari ko babu?" Kawai sai hawaye. Baiwar Allah ta ɗauka tsoro ne, tana ta ba ni baki wai za a same shi. Muka zauna, jirginta ya zo ya wuce, wani ma ya zo ya wuce, ta ƙi tafiya. Na ba ta labarin unguwarmu, da rasuwar mahaifiyata da ban samu jana'iza ba, da ciwona, da yadda nake zuwa Harami in laɓa kusa da alhazan gida don kawai in ji ana hira. Abin da ban faɗa wa kowa ba a shekaru na juye wa matar da ban sani ba. Ita ma ta juye mini nata, har dariya muka yi da shewa, Turawa na kallonmu.

An fi awa ɗaya kafin na yarda ta kira auta. Auta ta ƙwalla ihu, ta ce kar mu kashe, ta haɗa da wayar babanta, ina ji da kunnena. Ta tambaye shi da Larabci ina Ummi. Ya amsa hankalinsa kwance, "Tana ɓangaren mata." Jama'a, jirgin nan ba shi da wani ɓangaren mata. Kujerata tana gabansa, jakata a kai, shayina ya huce, sama da awa guda, kuma ransa bai ba shi komai ba, saboda a wurinsa in bai gan ni ba to ina ciki, can inda mata suke. Ba ƙarya ya yi ba, abin da ya yi imani da shi ya faɗa. Wannan ne ya fi yi mini ciwo.

Ya sauka a tasha ta gaba ya biyo wani jirgin ya dawo. Ban taɓa ganinsa haka ba, gumi sharkaf, ya tsorata da gaske. Amma kun san abin da ya fara fitowa daga bakinsa? Wai duk shekarun da ya yi yana aikin alhazai bai taɓa ɓatar da mutum ko ɗaya ba. Ya yi wa matar godiya, ya ciro kuɗi ta ƙi karɓa, ta ce mu dai yi wa innarta addu'a a gaban Ka'aba. Daga ranar har muka dawo a gaba yake sa ni, yana bina a baya, ko banɗaki na shiga yana tsaye a ƙofa, na zama alhajiyar da aka ce a kula da ita kar ta sake ɓata. A otal ɗin Roma muka yi faɗanmu na farko cikin shekaru. Na ce masa bai san ni ba, ya ce me ya rage ni da shi, in faɗi abu ɗaya. To me zan nuna masa, alhali ba abu ba ne da ake saya? Ya ce shaiɗan ne da gajiyar tafiya, in yi istigfari. Na yi, amma abin bai tafi ba.

Da muka dawo yara suka kama istiraha, irin gidan hutun nan da ake haya don taro, aka yi walima, aka nuna hotunanmu a bango. Labarin ɓatana ya zama abin dariyar dangi, kowa ya gan ni sai ya ce Hajiya yaya ɓangaren mata. Ina taya su dariya, in dawo in zauna a falona ni kaɗai da ƙarar na'urar sanyi.

Shi ne na ce masa ina so in tafi Kano wurin Yayata, mijinta ya rasu, tana nan da jikoki cike da gida. Ban ce kwana nawa ba. Da na kira Yaya na ɗan ɓantara mata cewa ƙila in daɗe, sai ta hau ni da faɗa, wai ko na haukace, mutane suna sayar da gona don su ga garin nan sau ɗaya, mahaifiyarmu har ta rasu tana roƙon Allah ya sa a binne ta a nan, ni an ba ni a hannu zan watsar saboda hira. Ta yi gaskiya, kuma ina son garin nan, in na daɗe ban ga Ka'aba ba ƙirjina nauyi yake. Ina jin kunyar Allah in ce ina kaɗaici a Makka. Amma ina yi, wallahi ina yi.

Jiya bayan la'asar na ji an ƙwanƙwasa ƙofar tsakiya, wadda ake miƙa abinci. Na buɗe, shi ne, da tire a hannu, kofi biyu, sukari a gefe a ɗan kwano bai zuba ba, ban sani ba ko auta ce ta gaya masa. Ya shigo ya ɗosana a bakin kujera kamar baƙo, yana kalle-kallen falon, har ya tambaye ni yaushe na sake labule, labulen da ya shekara huɗu a wurin. Sannan ya ce zai yanki tikitin Kano, amma yana so ya ji daga bakina, na zuwa da dawowa zai yanka ko na zuwa kawai. Mutumin da duk rayuwarmu shi ke yanke komai sai dai a ce mini ki shirya. Na ce zan yi tunani. Ya ce tayyib, kuma bai tashi ba, muka zauna muna shan shayin har aka kira magariba.

Ni ban sani ba ko wannan farkon wani abu ne, ko kuwa tsoron ɓatar da alhajiya ne bai sake shi ba. In na ce da dawowa, ina tsoron kwana biyu ya koma majalisinsa in koma jiran ƙofa. In na ce zuwa kawai, na bar Harami, na bar autata, na bar mutumin da sai yanzu ya gano hanyar falona. Masu shekaru a aure, musamman waɗanda suka san zaman gidajen nan, don Allah ku gaya mini gaskiya ko da ɗaci. Ya ce yau ma zai shigo bayan la'asar, ga shi an yi azahar. Me zan ce masa?