Ranar da Ake Yi wa Matattu Wasa

Zuwa ga 'yata Nhan,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Tuat mai aski ne ke rubuta mini, in kin ga ƙarya tasa ce.

Tarin nan yana nan, amma ba shi ya dame ni ba, yayanki Luong ne. Tsohuwar rumfar nan ta tsakiyar tafki, inda muke tsayawa cikin ruwa bayan asabari muna juya 'yan tsana, kakanninmu sun gina ta tana kallon ƙofar haikali. Yanzu an jera wa baƙi masu yawon buɗe ido kujeru a bakin ƙofar, sun ba ta baya. Na haɗiye. To ranar ƙarshen shekara, da ake buɗe ƙofar a yi wa matattunmu wasa ba ɗan kallo ko ɗaya, ita ma ya ba baƙi. Na yi magana, ya ce, "Baba, matattu ba sa tafi. Je ka sha shayinka." A gaban mutane! Ni da na koya masa riƙe gorar juya 'yan tsana.

Ki gaida yara.

Ubanki,
Khiem

Nhan 'yata,

Ina gaishe ki. Takardarki ta iso. Kin ce in yi haƙuri, likita ya hana ni ruwan sanyi. Likita bai san uwarki ba. Bana ne zuwanta na farko cikin masu kallo tun rasuwarta, kina so ta zo ta tarar ƙofa a rufe?

Tafkin ya yi baƙi kwanan nan. Jiya na kunna turare a haikali, ya ƙi ci. Luong ya kulle 'yan tsanan, sai na sassaƙa ɗaya da itacen ɓaure. Ba ta yi kyau ba.

Gobe ce ranar. Da sassafe, kafin motocin baƙi su iso, zan kurɓi romon kifi don ɗumi in shiga tafkin. Tuat zai buɗe ƙofar. Yana rubutu yana cewa, "Tsoho mai taurin kai, ruwan nan ba zai sake ka ba." Na ce ya rubuta abin da aka sa shi.

Na ba maƙwabta tsuntsuna da kejinsa. Kada ki kama hanya, kafin ki iso an gama. Ki dai faɗa wa yayanki, baɗi ya buɗe ƙofar nan da wuri, don mu biyu za mu zo, ni da uwarki.

Ki huta lafiya.

Ubanki,
Khiem