Gorar da Aka Zare a Kpakungu

Laraba da dare, Minna

Hannuna ya kumbura, da ƙyar nake riƙe biro. Shekara ashirin ina aikin akitek, ina zanen gine-gine, ban taɓa dukan mutum ba sai yau.

Kwana shida kacal da zuba kankaren rufin ajin da na zana a Kpakungu, Danladi ɗan kwangila ya sa aka zare gorar da ke tokare da shi, wai zai kai ta wani aikin a Gwada. Rufin ya rufto a kan Baba Yakubu, maginin da muke tare tun ginina na farko. Da hannu muka tono shi. Rodi ya huda masa cinya, jini ya cakuɗe da garin siminti.

Danladi ya matso yana karkaɗe hula. "Akitek, ai kowa haka yake yi. Tsautsayi ne."

Na naushe shi a baki. Da ya faɗi na bi shi na danne, ina duka har haƙorinsa ya yanke ni. Na rarumo shebur ke nan leburori suka riƙe ni. Wallahi da na raba masa kai biyu.

A asibiti Baba ya kama yatsuna ya ce, "Yallaɓai, zanenka ba shi da laifi."

Zanen kam ba shi da laifi. Amma ran Litinin na ga gorar ta ragu, na yi shiru don ina saurin zuwa karɓar lambar yabo. Ga lambar nan a kan tebur, ko ledarta ban cire ba. Gobe za a yanke ƙafar Baba.