Zuciyar da na zana a kan ƙwai tana neman ɓata auren yayata

Assalamu alaikum Anti mai shafi, da duk masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, sunayen da zan ambata ma duk na sauya su. Roƙona ɗaya, ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, domin zagin da nake yi wa kaina ya ishe ni.

Ni budurwa ce, a Makka aka haife ni, a unguwar Hindawiyya muke zaune. Mu biyu ne mata a gidanmu, ni da Yaya Ruƙayya, wadda aka sa wa rana da wani Bashir bayan aikin Hajji. Kowa ya san Yaya Ruƙayya ce mai girkin gida. Ni kuwa an san ni da waya a hannu, ina karanta littattafan soyayya, a cikinsu ma na koyi karatun Hausa. A littattafan nan yarinya takan yi girki sau ɗaya, saurayi ya kai loma, ya lumshe ido ya ce, "Wa ya dafa wannan?" Shi ke nan, sai aure. Wallahi na yarda haka duniya take.

Akwai wani Sadiƙ, ɗan Kano, yana aiki a masaukan alhazai a Aziziyya. Abba ya riƙe shi kamar ɗa, duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci yakan zo ya ci abinci a gidanmu. Ban taɓa yi masa magana ba, muryarsa kawai nake ji ta bayan labule, amma a raina har sunayen 'ya'yanmu na zaɓa. Kun ga irin haukan?

A finafinan Koriya na ga wani abinci, omurais suke ce masa: soyayyar shinkafa ce a naɗe cikin ƙwai, a zana zuciya a samansa da kecaf, jan tumatirin nan na kwalba. Duk ranar da Umma da Yaya suka tafi Harami sai in shiga kicin in gwada. Shinkafar da ta kwana a firji ake so, sabuwa caɓewa take yi. A soya albasa da karas da 'yar tsokar kaza, a zuba shinkafar da kecaf a juya. Sai a kaɗa ƙwai a shimfiɗa a kasko siriri kamar mayafi, tun bai gama bushewa ba a ɗora shinkafar a naɗe, a kife a faranti. Na yaga ƙwai ba iyaka kafin hannuna ya faɗa, in cinye abina a tsaye, in wanke kasko in buɗe taga.

Ranar Juma'ar da abin ya faru, Yaya ta gama shinkafa da kaza ta shiga wanka. Kafin maza su gama gaisawa na haɗa nawa, bai taɓa yin kyau irin na ranar ba. Na zana zuciyar, na rufe da murfi, na miƙa wa yayanmu Usman na ce, "Wannan na Sadiƙ ne."

Abin da na manta, kuma har yau nake mamakin yadda na manta, shi ne a fim kowa da farantinsa yake ci. Mu a gidanmu leda ake shimfiɗawa a ƙasa, a ajiye tire ɗaya, kowa ya sa hannu. Yaushe aka taɓa ware wa baƙo nasa? Kuma ban san ranar Baffa Idi, mahaifin Bashir, ya biyo Abba daga masallaci ba.

Ina laɓe a bayan ƙofa na ji Yaya Usman ya ce, "Wannan an ce na Sadiƙ ne." Abba ya ce, "Shi kaɗai? Mu ba mu da baki ne?" Aka yi dariya, na ji ƙarar murfi, sai dariyar ta ɗauke. Can Baffa Idi ya ce, "Masha Allah, Alhaji. Ashe gidanka har abinci magana yake yi." Shi kuwa wanda aka yi dominsa, kun san me ya ce? Cewa ya yi, "Kai, shinkafa ce a cikin ƙwai? Usman, akwai yaji?" Bai lumshe ido ba, bai tambayi wa ya dafa ba. Daga baya ma cewa ya yi tumatirin ya cika zaƙi.

Baƙi suna fita Abba ya shigo, ko hularsa bai cire ba. "Wace ce ta yi mini wannan aibun a gaban surukina?" Yaya Usman ya nuna ni ya ce ni na ba shi. Anti, a nan na yi abin da ya hana ni sakewa. Bakina ne ya riga ni, na ce, "Ni miƙawa kawai na yi, Abba. Ni da ko ƙwai ban iya soyawa ba?" Umma ta ce, "Wannan kam gaskiya ne, yarinyar nan ko shayi sai an haɗa mata." Sai duk suka juya wajen Yaya Ruƙayya, ta fito daga ɗaki ke nan, gashinta da sauran danshi. Abba ya ce, "Ke da aka sa wa rana, ya binti? Ke?" Ta dube ni. Kallo ɗaya ta yi mini, ta sunkuyar da kai. Abba ya ce, "Halas, shi ke nan," ya fice.

Na ɗauka faɗa ne na kwana biyu ya wuce. Ashe Baffa Idi ya kai labari gida, kuma kun san zaman Hausawan Makka, kafin Juma'a ta zagayo har a bakala, shagon unguwa, ana maganar. Bashir ya daina kiranta. Mahaifiyarsa ta aiko cewa a dakata da ɗinkin kaya tukuna. Abba ya hana Sadiƙ zuwa, bawan Allah bai ma san laifinsa ba. Yaya kuwa tana nan tana girkinta, tana zuba mini abinci kamar kullum, ni kuma in ture kwanon gefe. Ina ma ta mare ni? Ina ma ta zage ni?

Jiya muna wanke-wanke na ce, "Yaya, me ya sa ba ki faɗa ba?" Ba ta ɗago ba ta ce, "Da na faɗa, wa zai ƙara tambayar aurenki a unguwar nan, habibti? Ni na ɗauka Bashir ya san ni." Sai ta ce mahaifiyar Bashir za ta zo nan da kwana uku, tana so ta ji daga bakinta. "Ba zan yi ƙarya in ce ni ce ba, ba kuma zan ambaci sunanki ba. Shiru zan yi. Kin dai san yadda za ta fassara shirun."

Na sani. Idan na yi shiru, auren Yaya ya tafi saboda ƙwai da tumatir. Idan na yi magana, Abba zai san ba rashin kunya kawai na yi ba, har ƙarya na yi masa ina kallon idonsa, na bar 'yar'uwata ta ɗauki laifina. Matar nan kuma za ta fita da sunana a bakinta ta zaga unguwa. Na tsaya a ƙofar ɗakin Umma ya fi a ƙirga, da na buɗe baki sai in ji na ce, "Umma, in kawo miki ruwa?"

Na san gaskiya zan faɗa, ba wannan nake tambaya ba. Ta ina zan fara? In sami Umma ita kaɗai, ko in durƙusa gaban Abba, ko in jira matar ta zo in faɗa a gaban kowa don sunan Yaya ya wanku sarai? Idan kuma na faɗa suka ce rufa mata asiri nake yi, tunda duk sun yarda ban iya girki ba, sai in shiga kicin in dafa a gabansu ke nan?

'Yan'uwa, jibi ne fa. Don girman Allah, me zan yi?