Bindiga a Goshin Pakde

Purwokerto, 3 ga Yuni

Zuwa ga Pakde Suwarno,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, kai da matarka Bude da mutanen Karangsari baki ɗaya. Na san waya ba ta yi maka amfani tunda kunnen ya yi nauyi, shi ya sa na ba direban motar kayan miya wannan takarda.

Pakde, kai ka riƙe ni tun rasuwar ƙaninka mahaifina, kuma ban taɓa ce maka kada ka yi abu ba. Yau zan ce. Kada ka zo bikin yaye ɗalibai ranar ashirin da shida. Laras jikarka ce, na sani, amma za ta karɓi takardarta ko kana zauren ko ba ka nan.

Ni ce nas ɗin da aka saka a kwamitin kare jami'a daga korona, don haka ina ganin abin da ba a nunawa a hoto. A bakin ƙofa an ba masu gadi bindigar auna zafin jiki. Idan ɗalibi ne a kan babur, sai a dasa masa ita a goshi. Idan babban malami ne, sai mai gadi ya rusuna, ya nuna ta can wajen agogon hannu, wani lokaci ko gilashin mota ba a sauke ba, ya rubuta talatin da shida da rabi. Na yi wa ɗaya magana, ya ce, "Mbak Wur, yayata, ki ji tsoron Allah. Kan farfesa zan nuna wa abu? A gidanmu an yi min tarbiyya."

Sai takardar shaidar lafiya. Kowa sai ya zo da ƙafarsa ya sa hannu da biro a buga masa hatimi, wai na waya ba shi da daraja. Mutum ɗari biyu a lungu ɗaya, suna numfashi a ƙeyar juna, biro ɗaya ɗaure da zare, an tauna gindinsa ya yi laushi. Tsohon abokinka Pak Tukijan ne mai hatimin. Zai sauke takunkumi, ya lashi yatsa, ya ja takarda, ya buga, ya sake lasa. Na kai masa soso da ruwa, ya ture, ya ce, "Nduk, 'yata, shekara arba'in yawun nan yana aiki, bai taɓa neman hutu ba."

Wuraren wanke hannu goma sha biyu aka kafa, aka yi addu'a, aka ɗauki hoto, har yau ba a ja musu ruwa ba. Na bakin kantin abinci ya zama wurin tofar da majina.

Shekarunka saba'in da ɗaya, ga ciwon suga. Don Allah ka zauna a gida. A gaida Bude.

'Yarka,
Wuryani

Karangsari, 8 ga Yuni

Zuwa ga 'yata Wuryani,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Takardarki ta iso, na karanta ta sau biyu. Muna nan lafiya, shinkafa ta yi kyau bana.

Nduk, tun kina ƙarama muryarki take gaba da ke. Shekara talatin da ɗaya na yi ina tuƙa shugabannin wannan jami'a, shugaba biyar, ban taɓa ɗaga ido sama da kafaɗar ɗayansu ba. Mai gadin nan ya yi daidai. Kan babba ba abin nunawa ba ne, ko da annoba ko babu. Tukijan kuma rana ɗaya aka ɗauke mu aiki, ki bar shi da yawunsa.

Bikin yaye sittin da wani abu na gani, duk daga wajen ajiye motoci. Laras ce ta farko a zuriyarmu da za a kira sunanta a cikin zauren nan, kuma an ba ta kujera biyu. Budenki ba ta iya doguwar tafiya. Na riga na ɗinka rigar batik, mai zanen nan ta zuwa biki.

Ga wata 'yar buƙata. An ce sai da takardar gwaji ake shiga. Asibitinmu da nisa, kuma ban ga dalilin da yaro zai cusa min tsinke a hanci ba. Ina ɗan tari, amma iska ce ta shige ni, Budenki ta kankare min baya da kwabo, ya yi ja sosai, iskar ta fita. Ina shan citta da kurkur safe da yamma. Ki rubuta min takardar ki aiko, tunda hatimin asibiti yana hannunki.

Allah ya yi miki albarka, ya sanyaya miki zuciya.

Pakdenki,
Suwarno

Purwokerto, 14 ga Yuni

Pakde,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa. Ya jikin?

Pak Tukijan yana babban asibiti tun Juma'a, an sa masa robar iska a hanci. Ɗalibai goma sha ɗaya muka killace a ɗakin kwanan mata na baya, kuma dukansu sun bi layin takardar nan.

Jiya aka yi zaman kwamiti. Mu goma sha tara a ɗaki mai na'urar sanyi, taga a rufe. An buɗe taro da jawabi kan ba da tazara, sai aka raba kwalin shinkafa da soyayyar kaza, kowa ya cire takunkumi ya ajiye kusa da miya. Mataimakin shugaba yana magana ƙwayar shinkafa tana tashi daga bakinsa, ɗaya ta sauka a kan rahotona. Ya ce, "Mbak Wur, yaran nan shigar iska ce. Ki rubuta haka. Iyaye sun riga sun kama ɗakuna a otal." Na ce sakamakon gwaji ba haka ya ce ba. Ya yi murmushi ya ce, "Ke ɗiyar Pak Suwarno ce, ko? Mutumin kirki, ba ya musu." Kowa ya yi dariya. Ban iya cin abincin ba, ban kuma iya kallon masu ci ba.

Na dawo gida na tarar da takardarka, kai ma abin da kake so ke nan. Duk garin nan kowa na rusunawa, kowa na murmushi, ana miƙa wa juna cuta da hannu biyu.

Ba zan rubuta ba. Tari a wannan lokaci ba na kwabo ba ne, ka je a gwada ka. Ranar bikin ni zan tsaya a ƙofa da kaina, kuma duk wanda ya zo a goshi zan auna shi. Ka yi haƙuri da bakina.

'Yarka,
Wuryani

Karangsari, 20 ga Yuni

Zuwa ga Nas Wuryani,

Bayan gaisuwa. Kada ki wahalar da kanki. Wani yaro a kasuwa ya buga min takardar, da hatiminta da komai. Na sa ki a makaranta don ki yi jinya, ban san za ki zama mai gadi ba. Sai mun haɗu a ƙofar.

Suwarno

Ɗakin killacewa, 28 ga Yuni

Pakde,

Assalamu alaikum. Tunda ka juya wa taga baya duk sanda na zo, na sa wannan a ƙarƙashin kwanon kunu.

Ranar bikin a ƙofa ka miƙo min hannu in sumbata kamar kullum, ban karɓa ba. Na ɗaga bindigar na sa maka a goshi a gaban masu gadi, da Laras, da iyayen mutane. Ta nuna talatin da tara saura kaɗan. Na ji wata mata tana cewa, "Wannan 'yar gidan waye?" Ka cire hula ka bi ni, kuma da ka zage ni da ya fi min sauƙi. Sakamakon gwajinka ya fito yau da safe. Korona ce.

An yi bikin. Ɗalibai ɗari shida suka bi layi suna sumbatar hannun shugaba, shi kuma tsakanin ɗalibi da ɗalibi yana tari a cikin hannun. Shi ban auna shi ba, motarsa ta ƙofar baya ta shiga. Ni kuwa an ba ni takardar gargaɗi saboda wulaƙanta dattijo a bainar jama'a. Sai da na bi layi na sa hannu.

Akwai abin da ban so ka ji daga bakin wani ba. Pak Tukijan ya rasu ranar Asabar, ana tsakiyar kiran sunaye. Mutum huɗu cikin fararen kaya suka binne shi, ba a bar matarsa ta matso ba.

Ban yi nadama ba, Pakde. Ka sha kunun ko da kana fushi da ni.

'Yarka,
Wuryani

29 ga Yuni

Nduk,

Wa alaikumus salam. Allah ya ji ƙan Tukijan.

A bas na zo, mun fi mu talatin, akwai mai goyo kusa da ni. Lambar tikitin tana aljihun rigar batik, ki ba wanda ya kamata don a nemo fasinjojin.

Budenki tana tari tun Laraba, da zazzaɓi. Ni na ce kada ta gaya wa kowa, don kada ya kai kunnenki. Ita kaɗai ce a gida. Ki tafi yau, kada ki jira gobe. Za ta yi miki gardama, kin san ta. Kada ki ji kunyarta.

Pakdenki