Ba Akurin Rabi Ne Ya Kwantar da Yaran Lakwal Ba

Zuwa ga Mushe Dirakta, wato malam shugaban lakwal, makarantar bokon garinmu, a ƙasar Affala.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawar da ta dace da kujerarka, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka, kuma kun yi Sallah cikin jin daɗi. Mu dai a gidana ba mu yi ta da daɗi ba, ka kuma san dalili.

Ni ne Isufu, ma'aikacin gidan gona da aka turo nan daga Tahoua shekara huɗu da suka wuce, mijin Rabi, mahaifin Zali da ke aji uku a wurinka. Ni da kai mun saba magana da Faransanci, da shi ma na fara rubuta wannan takarda, sau biyu ina yagawa. Daga baya na gane kuskurena. Da Hausa ka ɓata sunan matata a ƙofar maigari, gaban matan da ba su taɓa shiga aji ba, don haka da Hausa zan amsa maka. Na rubuta guda huɗu da hannuna: ɗaya taka, ɗaya za a karanta bayan sallar Juma'a, ɗaya ta mai duba makarantu a Tahoua, ɗaya ta Supurefe, jami'in gwamnati mai mulkin yankinmu.

Tun ina kwaleji nake da ɗabi'ar rubuta abin da ya faru kowace rana a wani ɗan littafi. Abin da za ka karanta daga cikinsa na ciro shi. Inda ban gani da idona ba, zan faɗa.

Na ɗaya, abincin Rabi. Tun da fari ya cinye mana shekaru a jere, ta kafa 'yar garka a bakin rijiyar fadama: zogale, rama, yakuwa, kabewa, wake da albasa kaɗan. Takin awakinmu biyu da tokar murhu, iyakar abin da take zubawa ke nan. Ni da aikina shi ne raba takin buhu da maganin ƙwari na sha kawo mata, takan ce in kai wa masu noman sayarwa, ita cikin 'ya'yanta take yi wa noma. Daga garkar nan take haɗa wa Zali abin tafiya lakwal, yau kwaɗon zogale da ƙuli, gobe dambu, jibi ɗan wake ko dafaffiyar kabewa. Kowace shekara kuma, ranar da za a ba da hutun Sallar Layya, takan yi wa 'yan ajin ɗiyarta ɗan abin marmari. Bana babu alkama babu zuma, balle a yi zancen alkaki. Sai ta yi kwana uku tana tsintar busasshiyar magarya, ta daka, ta tankaɗe, ta yi akuri, ta kuma soya 'yar gujiyar da ƙanwarta ta aiko daga Barmou ta yi dakuwa. Kai ma an kai maka naka a kwano mai murfi, bara da bana. Sau biyun a wanke aka maido kwanon.

Na biyu, ranar Talatar da aka ba da hutu. Da hantsi Rabi ta kai ƙwaryar akuri da dakuwa, aka raba wa 'yan aji uku. Da azahar aka ci tuwon kantin, abincin da hukuma ke dafa wa yaran lakwal. Kafin la'asar yara goma sha ɗaya sun kwanta da amai da murɗawar ciki. Uku sai da aka kai su likita Tahoua. Wadda ta fi jin jiki ita ce Tamu, ɗiyar wani makiyayi da ya gangaro daga arewa bayan dabbobinsa sun ƙare.

Washegari maigari ya tara iyaye. Ka miƙe ka ce: “Abincin hukuma ba ya cutar kowa. Ku tambayi wadda ke kwaso ganyen daji da kashin awaki tana ɗura wa 'ya'yanku.” Ba ka kira suna ba, amma duk wanda ke wurin ya juya ya dubi Rabi. Ina zaune a kan tabarma ɗaya da kai, ban ce uffan ba. Na rubuta a littafina cewa na yi shiru ne don ba ni da hujja tukuna. Da na sake karantawa sai na ga ƙarya na yi wa kaina: tsoro ne. Kai da ni ma'aikata ne, a zamanin da kalma ɗaya kan kai mutum gaban soja. Wannan shirun nawa ne, ba zan ɗora maka shi ba.

Na uku, abin da maganarka ta jawo. Ka san al'adar garin nan ranar Sallah, kwanuka ke yawo gida gida. Rabi ta aika gida bakwai. Shida suka dawo yadda suka tafi, ko murfi ba a ɗaga ba. Na bakwai ba a dawo da shi ba, aka zubar wa kare a bakin ƙofa inda mai wucewa zai gani. Maƙwabciyar da Rabi ta karɓi haihuwarta sau biyu ta fizge ɗanta daga zaurenmu tana kakkaɓe masa baki. A bakin rijiya in ta iso sai hira ta mutu. Da aka koma lakwal ka kafa dokar hana zuwa da abincin gida, kuma da umurninka aka kifar da kwaɗon Zali a ƙasa gaban 'yan ajinta, aka sa ta share. Tun ranar yara ke kiranta ɗiyar mai guba. Rabi ba ta yi kuka a gabana ba. Ta dai daina zuwa garka, zogalen ya bushe a tsaye. Abin da ta ce mini guda ɗaya ne: “Malam, shi ya faɗi, kai ka ji, ni kuma na ɗauka.”

Na huɗu, abin da na bincika. Bayan Sallah na bi gidajen yaran nan goma sha ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, ana karɓata da fuska a ɗaure. Bakwai daga cikinsu ba 'yan aji uku ba ne, ko ƙanshin akurin ba su ji ba. Dukansu kuwa sun ci tuwon kantin. Zali da wasu yara biyu da suka zo da abin cinsu daga gida sun ci akuri da dakuwa, ba su taɓa tuwon ba, ko ciwon kai ba su yi ba. Ita kuwa Tamu, mahaifiyarta ta nuna mini nata akurin guda biyu. A bakin zanen yarinyar aka same su a ƙulle, can likita. Ba ta ci ba, ta ɓoye ne ta kawo wa uwarta. Kai da ka koya wa yara lissafi, haɗa wannan ka gaya mini abin da ya ba ka.

Na biyar, buhunan iri. Ka tuna buhu shida na hatsin iri da suka iso bara bayan lokacin shuka ya wuce. Iri ne da aka cakuɗa da jar hodar nan ta magani don kada ƙwari su ci shi a ƙasa. Ni na roƙe ka ka ajiye mini su a mangaza, ɗakin ajiyar lakwal, don ita kaɗai ce mai ƙofar ƙarfe a garin nan. Na nuna maka hoton ƙoƙon kan da ke jikin buhu, na ce maka guba ne, ka ce ka gane. Mabuɗi ɗaya ne, a aljihunka yake. Ranar kasuwar da ta wuce na nemi ka buɗe mini, ka yi ta hanya-hanya har sai da na ce zan kira maigari. Buhu biyar na tarar.

Na zagaya bayan madafa. Inda ake zubar da ruwan wanki ƙasar ta rine, har yanzu da sauran ja-ja a jikin duwatsu. Na je wurin Inna Haɓsu mai dafa tuwon kantin, tsohuwar da a haife ta haife ni. Na tambaye ta. Ta ce hatsin kantin ya ƙare saura kwana uku a ba da hutu, ka fito mata da wannan buhu. Da ta ga launinsa ta yi turjiya, ka ce mata rini ne kawai na nasara, ta wanke. Ita kuwa 'yar Adar ce, ta raini 'ya'yanta da anza, 'ya'yan itacen dajin nan masu ɗaci, a shekarun yunwa. Kowa a ƙasar nan ya san yadda ake yi wa anza: a jiƙa, a zubar da ruwa, a sake jiƙawa, har ɗacin da ke cutarwa ya fita. Haka ta yi wa hatsin nan, kwana biyu tana sauya masa ruwa har jan ya tafi, ta ɗanɗana ba ta ji ɗaci ba, ta shanya, ta kai aka daka. Ta ce da ni: “Ɗana, yadda uwata tak koya mini haka niy yi. Shi da yay yi boko shi yac ce rini ne.”

Ban ga laifin Inna Haɓsu ba, kuma duk wanda ya nemi juya maganar kanta zai same ni a gabansa. Ba ta karatu, gargaɗin da ke jikin buhu da Faransanci yake, ni ma da na ajiye shi ban taɓa tsayawa na yi mata bayani da Hausa ba. Wannan sakacina ne, na rubuta shi a takardar Supurefe da sunana cikakke. Inda hatsin kantin ya tafi har ya ƙare kafin lokacinsa, ban gani ba, don haka ba zan faɗa ba. Akwai masu aikin tambayar wannan, kuma tun da soja suka karɓi ƙasa kowa ya san yadda suke tambaya a kan abincin taimako. Na sha tambayar kaina ko na yi maka mummunan zato, ko ka manta ne da abin da na gaya maka. Mai yiwuwa ranar da ka buɗe buhun ka manta. Amma ranar Laraba a ƙofar maigari, yara uku suna kwance a Tahoua, ba mantuwa ka yi ba. Ka duba cikin taron ka zaɓi wadda ba ta da bakin kare kanta, wadda mijinta ka san matsoraci ne.

Ga abin da nake nema.

Ɗaya, ka roƙi maigari ya sake tara mutanen nan, maza da mata, a wurin da ka yi maganarka. Ka tsaya inda ka tsaya, ka faɗa da Hausa, da ƙarfin muryar da ka yi ta farko, cewa hatsin iri ne ya kwantar da yara kuma kai ka fitar da shi.

Biyu, a wannan taron Rabi za ta kawo kwaɗon rama da akuri. Za ka zauna a ƙasa ka ci da hannunka har ka suɗe kwanon, mata suna kallo. Ba sulhu nake nufi da wannan ba, kada ka ɗauka haka. Ina so ka ji yadda idon gari yake a kan mutum.

Uku, ka janye dokar hana abincin gida, ka shiga aji uku da kanka ka faɗa wa yara cewa uwar Zali ba ta cuci kowa ba.

Huɗu, ka taka da ƙafarka zuwa bukkar mahaifin Tamu. Har yanzu hannun yarinyar yana rawa in ta ɗauki alli, uban kuma ya rantse ba za ta sake shiga lakwal ba. Abin da za ka faɗa masa kai ka sani.

Ko ka yi waɗannan ko ba ka yi ba, takardun Tahoua sun riga sun tafi a motar jiya. Na san za a kira ni kamar yadda za a kira ka, mai yiwuwa ma ni za a fara sallama daga aiki. Na auna wannan kwana da kwanaki, na ga zan iya ɗauka. Shekara arba'in ina kauce wa rigima, ina rubuta ɓacin raina a littafi ina rufewa. Wannan karon in rami ne, tare za mu gangara, kuma ba zan saki rigarka ba sai mun kai ƙasa.

Ina roƙon Allah ya ba yaran nan lafiya, ya ba mu damina mai albarka, ya tsare 'ya'yanka daga cin abin da ka ba 'ya'yan mutane. Kai kuma Allah ya ba ka lafiya da tsawon kwana, ya ƙarfafa ƙafafunka, ya buɗe muryarka, don ina so ranar taron kowace mace da ke can bayan dandali ta ji ka sarai ba sai an maimaita mata ba.

Wassalam.

Isufu, ma'aikacin gidan gona, mijin Rabi.