Giyar Motarka a Kaskon Inna

Zuwa ga mahaifina, marigayi Malam Ado Bakanike,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uba, ina sanar da kai cewa akori-kurarka ta tashi.

Tun rasuwarka take kwance a ƙofar gida, kaji na ƙwai a cikinta. Yaya Sani ya kawo 'yan gwangwan daga Gaya, har sun taya. Na ce wallahi sai bayan raina. Ya ce in ba ta tashi kafin kaka ba, a sikeli za ta ƙare.

Da na sauke lagireto na buɗe murfin gaban inji, sai ga ciwon: giyar karanshaf, haƙoranta duk sun cinye kamar bakin tsohuwa. Na sha yawo a Kano kafin na samo wata.

Cire tsohuwar bai ba ni wuya ba, fula, ƙarfen zaro giya, na ɗaura mata na yi ta murzawa a hankali har ta saki. Sabuwar ce ta ƙi shiga ƙememe. Har na ɗaga guduma, Baba, sai na tuna maganarka: "Ƙarfe ba ya son dole, ɗumi yake so."

Ka tuna yadda kake sace kaskon tuyar Inna don ɗumama ƙarfe, ku yi ta faɗa? Wannan karon ko roƙo ban yi ba. Ita ta hura wuta, ta zuba man gyaɗarta, ta tsoma giyar da hannunta, tana mitar wai har yau motarka ba ta daina shanye mata mai ba. Da man ya fara hayaƙi na tsamo giyar, na daidaita ɗigon alamarta da na giyar sama yadda ka koya min, na tura. Sulul ta shige!

Ranar kasuwar Ajingi na murza makulli. Ta yi tari, ta ƙara, sannan ta kama, da gurnanin nan da muke jiyowa tun daga hanyar Gafasa mu san ka dawo. Yaya Sani ya dafa bonet. Zancen sayarwa ya mutu.

Na shiga gida da murnata, sai na tarar Inna ta shimfiɗa tabarmarka, ta cika butarka ta ajiye. Jin ƙarar motar ne ya sa ta manta ka rasu. Tana tsaye tana kallon butar, hawaye na zuba. Ni na yi alwala da ruwan. Muna kewarka, Baba, ba kaɗan ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa mu a Aljanna.

Ɗanka,
Habibu